Jan Layi, Jak da Hanyar Komawar Wuta: Fashin Baƙi kan Wayoyin Sintesaizar Haɗin Gida

Ɗan ƙanwata da ke koyon gyaran wayar salula a Tip Toe Lane, kusa da shataletalen Kwame Nkrumah, ya shafe makonni uku yana harhaɗa wani ɗan allon lantarki a ɗakinsa da ke gidanmu a Nima, kuma ranar da ya gama sai ya kira ni domin in shaida sautin farko da zai fito daga cikinsa. Ya jona wayar wuta, ya kunna, sifika ba ta ce uffan ba, sai dai ƙauri da ya tashi irin na robar da ta taɓa garwashi. Ya ɗora yatsa a kan ƙaramar aisi, wato baƙar ƙwayar lantarki mai ƙafa 14 da ke tsakiyar allon, nan take ya janye yana yarfe hannu. "Kawu, jabu suka sayar mini," in ji shi. Na ce ya miƙo mini wayar tukuna kafin ya ɗauki alhakin mai shago. Da muka ɗora mitar auna wuta a kanta sai ta bayyana cewa shi da hannunsa ya matse kan wayar a juye, wutar da ya kamata ta shiga ta wannan ƙafa ta bi ta waccan, kuma aisi irin TL074 ba ta jure wannan ko na ɗan lokaci kaɗan.

Abin da yaron ke haɗawa shi ne ɓangare guda na sintesaiza mai sassa, wato na'urar kiɗa da ba a ƙera ta dunƙule kamar kibod ɗin da ake gani a wajen biki ba. Kowane sashe, wanda masu harkar ke kira modul, aiki ɗaya yake yi: wani ya haifar da sauti, wani ya tace shi, wani ya ɗaga shi ko ya sauke shi, wani kuma ya riƙa ba da umarnin lokacin da kowane sauti zai fara da lokacin da zai mutu. Mai kiɗa ne ke sada su da gajerun wayoyi a fuskar akwatin yadda ya ga dama. Saboda haka wayoyin iri uku ne, kuma kowane iri da nasa sharaɗin: akwai wayar da ke kai wuta ta bayan modul, akwai wayoyin da ke cikin modul tsakanin allo da fuskarsa, sannan akwai wayoyin sadarwa da ake sokawa a cire a gaba. A ganina, mafi yawan matsalolin da masu haɗin gida ke ɗora wa aisi da taransista a cikin waɗannan ukun suke ɓoye.

Tun farkon wannan sana'a ba a taɓa yin ittifaƙi a kan mahaɗi ɗaya ba. Robert Moog, wanda ya fito da tasa na'urar a Amurka a 1964, ya ɗauki babban jak mai kaurin milimita 6.35, irin wanda ke jikin wayar gita, wanda asalinsa daga allunan sadar da kiran tarho ne na ƙarni na 19. Don Buchla, da ke aiki a Kalifoniya a wannan zamanin, ya raba hanya biyu: ƙaramin jak domin sauti, sai fulogi mai tsinke ɗaya da ake kira banana domin wutar umarni, wato wutar da wani modul ke sarrafa wani da ita. Serge Tcherepnin kuwa a shekarun 1970 ya mayar da kusan komai kan banana. Tsarin da ya mamaye duniya a yau, wanda ake kira Eurorack, ya samo asali ne daga na'urar A-100 ta Dieter Doepfer a Jamus a tsakiyar shekarun 1990: tsayin fuskar modul milimita 128.5, faɗinta ana ƙirga shi da ma'aunin milimita 5.08, jak ɗinsa ƙarami ne mai milimita 3.5, wutarsa kuma bolt 12 fozitib da bolt 12 negetib, da ƙarin bolt 5 ga mai buƙata. Abin lura shi ne wannan tsari al'adar kamfani ɗaya ce da sauran jama'a suka bi, babu wata hukuma da ke tilasta shi, don haka duk wanda ya ɗauka cewa kowace waya da kowane allo sun bi ƙa'idar sau da ƙafa yana wasa da aljihunsa.

Wayar wuta ita ce mafi hatsari, kuma a kanta zan fi daɗewa. Shimfiɗaɗɗiyar waya ce mai launin toka, wadda ake kira ribon, siraran wayoyi 10 ko 16 ne manne da juna a jere, da jan layi a gefe ɗaya. A kowane ƙarshe ana matse mata baƙin kai mai ramuka jere biyu, wanda haƙoransa ke huda robar su kama jan ƙarfen ciki ba tare da an feƙe wayar ba. A tsarin Doepfer, jan layin yana nuna gefen bolt 12 negetib. Daga nan wayoyin suna tafiya bibbiyu: biyun farko negetib, shida na biye duka layin sifiri ne, wanda masu gyaran rediyo ke kira giraun, sai biyu na bolt 12 fozitib. A nan waya mai 10 ke tsayawa. Mai 16 tana ƙarawa da biyu na bolt 5, biyu na wutar umarnin sauti, da biyu na umarnin buɗewa da rufewa.

Wannan jerin ne ke bayyana dalilin da ya sa kuskure biyu masu kama da juna ba sa yin ɓarna iri ɗaya. Idan aka juya kai mai ramuka 10, giraun yana nan a tsakiya inda yake, fozitib da negetib ne kawai suka yi musanyar wuri, kuma ɓarnar takan tsaya a kan modul ɗin da aka jona: aisi ta ƙone, kafasita mai ruwa ta kumbura ko ta fashe da ƙara. Maganin wannan mai arha ne ƙwarai, wato dayod biyu irin 1N5817, ɗaya a kan kowane layi daidai inda wuta ke shigowa allo, ta yadda idan ta zo a juye sai ta tarar da ƙofa a rufe. Abin da suke ci daga ƙarfin wutar bai wuce kusan kashi uku cikin goma na bolt ɗaya ba, kuma ban ga hujjar da mai haɗin gida zai kawo ta barin su ba. Amma idan kai mai ramuka 16 aka juya a kan allon rabon wuta, labarin ya sauya, domin wayoyi shidan nan na giraun, waɗanda duk a haɗe suke a cikin modul, za su faɗa a kan layin bolt 12 fozitib da na bolt 5 da na umarni a lokaci guda, su gama su wuri ɗaya. Ke nan bolt 12 ta kwarara cikin layin bolt 5, ta isa ga wasu modul-modul da ba su ji ba ba su gani ba, kuma dayod ɗin da aka sa a allon ba shi da abin da zai iya yi a kai. Haka nan idan haƙoran allon tsirara suke, ba su da gidan roba, ana iya soka kan a goce da jere ɗaya a cikin duhun akwati, mutum bai sani ba sai ya ji wari.

Shi ya sa ake son mazauni mai gidan roba da tsaga a gefe, wanda ba ya karɓar kan waya sai ta fuska ɗaya. Sai dai tsagar tana kare mutum ne kawai idan an matse wayar daidai tun farko, kuma a nan ne ɗan ƙanwata ya faɗi: ya amince da tsagar, alhali shi ya juya kan lokacin matsewa. A jikin kowane kai akwai ɗan ƙaramin alwatika da ke nuna rami na farko, kuma jan layi a gefensa ya kamata ya kwanta a ƙarshen biyu. Wajen matsewa, filaya ba ta dace ba, domin tana danna gefe ɗaya kafin ɗaya, haƙoran su karkace su huda wayar maƙwabta. Ƙaramin matsi irin na teburin maƙera, wanda ke danna kan gaba ɗaya a hankali, shi ya fi. Bayan an gama, sai a saita mita a wurin da take yin ƙara idan waya ta sadu, a bi ramukan ɗaya bayan ɗaya daga wannan ƙarshe zuwa wancan, sannan a gwada kowane rami da na kusa da shi a tabbatar ba su taɓa juna ba. Aikin minti biyar ne. Ni ban yarda da launin waya ba sai mita ta ba da shaida, ko da kuwa a cikin leda aka sayo ta a rufe.

Wanda bai sami sabuwar ribon a shagunan kayan lantarki na Zongo Lane ba yana da mafita a cikin tsofaffin kwamfutocin tebur, waɗanda ba su da wuyar samu a Accra. Wayar da ke haɗa tsohon faifan ajiyar bayanai da uwar allon kwamfuta, mai siraran wayoyi 40, da ta faifan fulofi mai 34, tazararsu ɗaya da wadda ake buƙata, wato milimita 1.27, kuma ana iya tsaga su da hannu a fitar da 10 ko 16. A kula da abu biyu kawai: akwai wata mai wayoyi 80 da ta fi siranta, wadda ba za ta hau kan haƙoran ba, sannan ta fulofi tana da wani wuri da aka murɗa wasu wayoyin da gangan, sai a yanke a kauce masa. Tsagin da bai haɗa da jan layin asali ba, a ja masa layi da alƙalamin maka tun kafin a ajiye almakashi.

Tambayar da masu koyo kan yi ita ce me ya sa aka ba giraun wayoyi har shida alhali kowane layin wuta biyu aka ba shi. Amsar tana cikin yadda wannan na'ura ke gane sauti. A tsarin da Moog ya yaɗa kuma Eurorack ya gada, ƙarin bolt ɗaya yana ɗaga sauti da oktaf ɗaya, wato matakai 12 na maɓallan kibod, farare da baƙaƙe. Kowane mataki ke nan kusan milibolt 83 ne, wato kashi 83 cikin dubu na bolt ɗaya. Kuma duk wani awo na bolt ana yin sa ne daga giraun, kamar yadda ake auna tsawon gini daga daɓe. Idan daɓen ɗakin nan ya ɗara na wancan tudu, awon ba zai taɓa zuwa ɗaya ba. Waya kuwa, komai kyanta, tana da ɗan taurin kai ga wutar da ke bin ta. Siririyar waya ɗaya ta cikin ribon tana da kusan om 0.21 a tsawon kowace mita, om kuwa shi ne ma'aunin wannan taurin kan. A ɗauka mutum ya ja irin wannan guda ɗaya, mai tsawon rabin mita, a matsayin hanyar komawar wuta ga jerin modul da ke mayar da rabin amfiya ta cikinta. Lissafin zai ba da bambancin milibolt 52 tsakanin wannan ƙarshe da wancan, wanda ya haura rabin mataki, kuma ko kunnen da bai san kiɗa ba zai ji cewa sautin ya kauce. Idan wayoyi shida suka raba nauyin, bambancin ya sauko ƙasa da milibolt 9. Abin da ya fi ɓata rai shi ne wannan bambanci ba a tsaye yake ba: duk lokacin da wata fitila ta kama ko wani modul mai kwamfuta a ciki ya ja wuta, daɓen sai ya motsa, sautin ya yi rawa tare da ƙyaftawar fitilar. Mutum zai kwana yana canza aisi, alhali maganin shi ne gajeriyar waya mai kauri daga tushen wuta zuwa allon rabo, da kuma ba kowane allon rabo tasa wayar kai tsaye maimakon a jera su kamar raƙuman ayari, wannan a bayan wancan.

Sai batun jak. Wanda ake amfani da shi a Eurorack mai sassa biyu ne, tsini da jiki: tsini na ɗauke da sauti ko umarni, jiki kuma giraun ne. Abin da ya cika kasuwa a nan kuwa shi ne na iyafis da na jona waya da sifika, mai sassa uku, da zobe a tsakani. Irin wannan wayar takan yi aiki a mafi yawan lokuta, amma a wasu soket ɗin harshen giraun yana sauka ne a kan zoben maimakon jiki, sai a sami sadarwa mai zuwa tana ɗaukewa. Wanda ya sayi soket mai ƙafa uku ya kamata ya tantance da mita ko ƙafa ta ukun ta zobe ce ko ta makunni, domin a ido kamarsu ɗaya. Ƙafar makunni, kamar wadda ke jikin soket ɗin PJ398SM da masu haɗin gida suka fi so, tana manne da tsini muddin ba a soka komai ba, tana rabuwa da shi da zarar fulogi ya shiga. Da ita ake yi wa modul sadarwar cikin gida da ke aiki har sai mai kiɗa ya soka wata waya ya katse ta, kuma da ita ake ɗaure mashigar da ba a amfani da ita a kan giraun domin kada ta zama eriya ta riƙa kwaso gurnanin wutar gida.

A nan ina da ra'ayi da wasu ba za su so ba. Ga wanda ke zaune a Nima ko Madina ko Sabon Zango yana haɗa na'urarsa daga tushe, ba tare da niyyar cusa modul ɗin kamfani a ciki ba, babban jak na milimita 6.35 ya fi ƙaramin amfani. Ana samun sa a duk inda ake sayar da kayan lasifika na masallatai da coci-coci da masu kiɗan biki, yana da wurin kama dalma mai faɗi, ana iya kwance fulogin a gyara idan waya ta tsinke, kuma ba ya saurin sakwarkwacewa. Kuɗinsa shi ne wuri, domin fuskar modul za ta ƙara girma. Akwai ma tsarin da ake kira Kosmo, na Sam Battle a Ingila, wanda ya haɗa wutar Eurorack da babban jak a kan fuska mai tsayin santimita 20. Banana kuma tana da daɗin cewa ana soka wata a bayan wata, sai dai waya ɗaya ce tak ba giraun a cikinta, don haka akwatuna biyu ba za su fahimci juna ba sai an sada giraun ɗinsu da wata waya daban.

A bayan kowace mafita, wato soket ɗin da sauti ko umarni ke fita ta cikinsa, ana sa rizista mai om 1,000, kuma dalilinta a fili yake: yayin da ake soka fulogi tsininsa kan goga jikin soket na ɗan lokaci, sannan ko gwani wata rana zai sada mafita da mafita bisa kuskure, rizistar ce ke hana wutar da za ta gudana wuce miliyamfiya kaɗan. Amma tana da nata haraji. Mashiga a wannan tsari galibi om 100,000 ce, don haka kashi ɗaya cikin ɗari na wutar umarni yana zubewa a hanya, wanda ake iya gyarawa wajen saita modul. Idan aka raba umarni guda zuwa mashiga uku ta hanyar soket-soket da aka haɗe da waya kawai, asarar ta kai kusan kashi uku cikin ɗari, wato kusan sulusin mataki a kowane oktaf, kuma kafin a hau oktaf uku sautin ya kauce da mataki guda cur. Saboda haka umarnin sauti ake bi da shi ta mai rabo da ke da aisi a ciki, a bar mai waya zalla ga abin da ba ya buƙatar daidaito. Kada kuma a manta cewa sautin da ke yawo a fuskar akwati yana lilo ne tsakanin bolt 5 sama da bolt 5 ƙasa, wanda ya ninka abin da amfilifayar gida ke tsammani sau da yawa, sai an rage shi kafin a kai mata, balle a kai shi kunne.

Wayoyin cikin modul ba su buƙatar dogon bayani. A yi amfani da mai silli da yawa domin mai silli ɗaya tana karyewa a bakin dalma idan aka yi ta lanƙwasa ta, a gajarta su, a nisanta wayar sauti mai rauni daga wayar fitila da ta agogon bugu, a kuma tsayar da launi ɗaya ga kowane aiki a duk modul ɗin da mutum zai haɗa. Wayar da ta ƙi shan dalma abar zargi ce, domin akwai masu arha da aka yi da ƙarfe ko alminiyom aka shafa musu jan ƙarfe a sama. Maganaɗisu yana tona asirin ta ƙarfen nan take. A bakin shigar wuta a sa kafasita mai maikurofarad 10 a kowane layi, a kusa da ƙafafun kowace aisi kuma a sa ƙarama mai nanofarad 100.

Tushen wutar kansa yana da tarko guda da ya kama mutane da yawa. Masu daidaita wuta biyu da aka saba amfani da su, 7812 na fozitib da 7912 na negetib, kamarsu ɗaya kamar tagwaye, amma jerin ƙafafunsu ya bambanta: na farko shiga, giraun, fita, na biyu giraun, shiga, fita. Ƙarfen bayan 7812 giraun ne, na bayan 7912 kuwa a haɗe yake da wutar shiga, don haka wanda ya ɗaure su a kan ƙarfen sanyaya guda ba tare da shamaki ba ya gama wuta da giraun da hannunsa. Wutar gida a Ghana bolt 230 ce, kuma shawarata ga mai koyo ita ce kada ya shigar da ita cikin akwatin kwata-kwata, ya bar ta a cikin adafta rufaffiya a waje, ƙaramar wuta kaɗai ta shigo. Wanda ya rayu a shekarun yawan ɗaukewar wuta da ake kira dumsor ya san cewa dawowar wuta ta fi ɗaukewarta hatsari ga kayan lantarki, saboda haka idan ta ɗauke a zare fulogi daga bango, a kuma sa fis a layin shiga.

Akwai kuma abin da zanen da aka yi a Jamus ko Amurka ba ya faɗa wa mazaunin Accra. Iskar teku tana ɗauke da gishiri da laima, kuma soket mai arha da aka bari ba a taɓa shi ba yakan yi tsatsa ko ya dushe cikin damina ɗaya, sai a ji ƙarar ƙaiƙayi duk lokacin da aka motsa waya. Idan hunturu ya shigo daga Disamba, ƙura ce ke cika ramukan, ta fi kuma damun harshen makunnin nan da ke buƙatar mannewa sosai. Ruwan goge allo irin na masu gyaran salula, da soka fulogi a cire sau goma, yakan dawo da soket hayyacinsa, kuma yadin rufe akwati ya fi kowane magani arha.

Da ɗan ƙanwata ya sake matse wayarsa, na sa shi ya bi tsarin da nake bi. Ya cire sabuwar aisin daga mazauninta, ya gwada da mita cewa babu saduwa tsakanin layukan wuta da giraun, ya jona modul ɗin shi kaɗai a kan tushen wuta, sannan ya auna ramukan mazaunin: rami na 4 ya nuna kusan bolt 11.7 fozitib, na 11 ya nuna kusan haka a negetib, domin a wannan karon dayod biyun suna wurinsu. Ya ɗago kai ya ce, "Kawu, in sa ta yanzu?" Na ce ya kashe wutar tukuna, ya kuma duba cewa tsagar da ke kan aisin tana kallon gefen da aka yi wa alama a allo.